Yadda za ka zaga Jodensavanne idan ka je Surinam

Kuskuren da na yi a zuwana na farko shi ne fita da rana tsaka da silifas a ƙafa. Sauro da tururuwa suka yi biki. Kai ka bar Paramaribo, babban birnin Surinam da ke Kudancin Amurka, da sassafe, da rufaffen takalmi, da maganin sauro, da ruwan sha isasshe. Jodensavanne kangon tsohon garin Yahudawa ne, yana kimanin kilomita 50 kudu da birnin, a kan tudu bakin Kogin Surinam, kusa da ƙauyen Redi Doti.

Fara da kangon majami'ar Yahudawa ta Beracha ve Shalom, wato Albarka da Salama, wadda aka buɗe a 1685. Jan tubali ne ya rage, iya ƙugu a wasu wuraren, sama da kai a wasu. Waɗanda suka gina garin Yahudawa ne 'yan asalin Fotugal da Sifen da aka kora daga can, suka biyo ta Holan da Brazil da Kayen, a Guyana ta Faransa. Turawan Ingila, masu mulkin ƙasar a lokacin, suka ba su 'yancin addini da kotunsu a 1665, Holan ta karɓi ƙasar a 1667 ta bar musu shi. Gobarar 1832 ce ta gama da garin, wanda dama mutane sun riga sun watse zuwa Paramaribo.

Kada ka daɗe a nan. Wuce maƙabarta, ka durƙusa ka share ganye da hannu, ban da goge dutsen. Manyan allunan dutse ne kwance, daga Turai aka kawo su, rubutu da Ibrananci da Fotugis. Nemi wanda aka zana hannu riƙe da gatari yana sare itace. Alamar wanda ya rasu da ƙuruciya ke nan.

Sai ka ce a kai ka maƙabartar baƙaƙen fata, inda da yawa daga maziyarta ba sa ƙarasawa. Arzikin garin nan na rake ne, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka noma shi. Kaburburan zuriyarsu da katako aka yi musu alama, ruwa da gara suna ci. A nan na fi jimawa, ban ma ciro waya ba.

In akwai sauran ƙarfi, nemi ɗan jagora a Redi Doti ya kai ka Cassipora, tsohuwar maƙabartar da ke cikin daji. Ita da garin tare UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2023. Ka tanadi kuɗin hannu domin shiga da sallamar jagora.