Yadda za ka koya wa ɗan Caina kalmomin Turancin cinikin ƙasa da ƙasa su zauna masa a kai

Duk wanda ya taɓa zama a Gwanzu ko Yiwu ya san samarin nan da 'yan matan da masana'antu ke ɗauka su riƙa amsa wa baƙi saƙo a WeChat. Yawancinsu sun gama jami'a, sun haddace kalmomi ba iyaka, nahawu kuwa wani ma sai ya gyara maka, amma da an zo kan sharaɗin kai kaya da biyan kuɗi sai ka ga magana ta cakuɗe, shi yana nufin gabas kai kana jin yamma. Na yi watanni ina zama da wani irinsu a ofishin wani kamfanin tura kaya kusa da unguwar Xiaobei a Gwanzu, in an tashi aiki sai mu zauna da shayi, yana koya min Sinanci ni kuma ina gyara masa Turancin kasuwanci. Abin ya dame ni ne saboda na ga jarin 'yan'uwanmu na Kantin Kwari da Sabon Gari sau da yawa a hannun fahimtar yara irin wannan yake, kalma ɗaya in ta karkace kwantena guda ce za ta shiga rigima. To ga yadda muka bi, in kana da aboki ko abokin aiki ɗan Caina da ke neman ka taimaka masa.

Abu na farko, ku ajiye littafin haddar nan. Makarantunsu sun saba musu da jera kalma a hagu fassararta a dama, kuma wallahi suna da ƙoƙarin hadda, sai dai kalmar ciniki alƙawari ce tsakanin mutum biyu, fassara kaɗai ba ta isa ta nuna wa zai biya da wa zai yi asara ba. Ka sa ya ɗauko takardun wata oda da aka riga aka gama, a rufe sunan mai kaya, ku baza su a tebur bi da bi. Proforma invoice ita ce ta farko, takardar tayin farashi da ake turawa kafin a biya, wadda ɗan kasuwar Najeriya ke buƙata in zai buɗe Form M a banki. Commercial invoice ita ce ta ainihin cinikin da kwastam ke dubawa. Packing list ta faɗi kwali nawa, nauyi nawa, girma nawa. Sai babbarsu, bill of lading, wadda su suke kira tidan, kamfanin jirgin ruwa ne ke bayar da ita, shaida ce an karɓi kaya, kuma wanda ke riƙe da ta asali shi ke da ikon karɓar kayan. Ka ce ya ba ka labarin kayan nan da Turanci daga masana'anta har tashar da za a sauke, yana nuna takarda yana magana. Duk inda ya yi tuntuɓe, nan darasinku yake.

Daga nan sai Incoterms, kuma nan za ku daɗe, kar ka yi gaggawa. Ƙa'idoji ne na raba wa zai biya me da wa zai ɗauki asara wajen kai kaya, waɗanda ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya ICC mai hedikwata a Paris ta fara fitarwa a 1936, ana sabunta su lokaci-lokaci, na baya-bayan nan su ne na 2020, guda 11 ne. Bakwai suna aiki ga kowace irin hanyar sufuri, EXW, FCA, CPT, CIP, DAP, DPU da DDP, huɗu kuma na jirgin ruwa ne kawai, FAS, FOB, CFR da CIF. Kar ka ce ya haddace su a jere. Ɗauko farar takarda ka ja dogon layi, a farkonsa ka zana masana'anta, sai mota, sai tashar lodi, sai jirgi, sai tashar sauke kaya, sai shagon mai saye a ƙarshe. Kowace ƙa'ida ya ɗiga mata alama biyu a layin, jan biro inda kuɗin mai sayarwa ya tsaya, shuɗi inda asara ta bar wuyansa ta koma wuyan mai saye.

A EXW (mai saye ya ɗauki kaya a ƙofar masana'anta) da FOB (mai sayarwa ya ɗora kaya a jirgi) alamun biyu wuri ɗaya suke faɗawa, ba wahala. A CIF ne suke rabuwa, kuma nan ne kusan kowane ɗan Caina ke zamewa, laifin ma na fassararsu ne. FOB suna ce masa li'an jia, wato farashin barin gaɓa, CIF kuma dao'an jia, farashin isa gaɓa. To duk wanda ya taso da jin "isa gaɓa" ai dole ya ɗauka kaya na wuyan mai sayarwa har sai sun isa. Ranar da muka zo nan na tambayi abokin nawa, na ce an yi ciniki CIF Legas, an loda kaya a tashar Nansha ta Gwanzu, a tsakiyar teku ruwa ya shiga kwantena ya lalata atamfa, asarar wa? Bai ko yi jinkiri ba ya ce tasu ce, tunda kaya ba su isa ba. Na ce masa a'a pengyou, wato aboki, ta mai saye ce. Ya zuba min ido, ya buɗe wayarsa yana dubawa, ya yi shiru can sannan ya goge shuɗin ɗigon da ya yi a Legas ya mayar da shi Nansha. A FOB da CFR (kuɗin kaya da na jirgi, ban da inshora) da CIF duk ukun, da zarar kaya sun hau jirgi a tashar lodi asara ta koma kan mai saye. Abin da CIF ya ƙara kawai shi ne mai sayarwa ya biya kuɗin jirgi ya kuma sayi inshora, in abu ya faru mai saye ne zai je ya nemi diyya wajen kamfanin inshorar. Inshorar ma da ƙa'idar ta wajabta mafi ƙanƙanta ce, wadda ake kira sharaɗin C, a kan kashi 110 cikin 100 na kuɗin kayan, ba kowace ɓarna take rufewa ba, in mai saye na son cikakkiya sai an rubuta. CIP, takwaran CIF na kowace irin hanyar sufuri, shi ne aka ɗaga zuwa sharaɗin A, wato mafi faɗin kariya, a 2020.

Ka kuma hore shi ya daina rubuta FOB tsirara. Sai da sunan tasha da shekarar ƙa'ida, misali FOB Ningbo Incoterms 2020, domin FOB Ningbo da FOB Shenzhen ba kuɗin mota ɗaya ba ne daga masana'anta. In ya ga wani ya rubuto CNF ko C&F, tsohon suna ne da bakin 'yan kasuwa ya saba da shi, CFR ake nufi. DDP kuwa ni ina gargaɗinsu a kai sosai, suna son furta shi don su faranta wa kwastoma alhali ma'anarsa su za su biya harajin kwastam na ƙasar da ba su taɓa takawa ba.

Mataki na uku maganar biya. A nan akwai tarko a kalmar deposit, wato kuɗin kafin alƙalami. A Sinanci kalmomi biyu ne da ake furta su iri ɗaya sak, dingjin, sai a rubuce suke bambanta, 定金 da 订金. Ta farkon tana da haƙori a dokar Caina, in mai saye ya fasa kuɗinsa sun tafi, in mai sayarwa ne ya saɓa sai ya mayar da ninki biyu, kuma doka ta ce kada ta wuce kashi 20 cikin 100 na kuɗin cinikin. Ta biyun kuwa ana ɗaukarta a matsayin biyan wani kaso tun gaba, ba ta da wannan hukuncin. Turanci ya haɗe su a kalma ɗaya, kaga in bai tambaya ba zai fassara wa maigidansa wadda ta zo masa a rai, shi kuma alhaji yana can yana tunanin ɗayar. Koya masa ya riƙa rubuta a fili ko kuɗin refundable ne ko non-refundable, wato ana mayarwa ko ba a mayarwa, da abin da zai faru in wani ɓangare ya fasa.

T/T shi ne tura kuɗi ta banki kai tsaye, su dianhui suke cewa, tsarin da aka fi gani shi ne kashi 30 kafin a fara aiki, 70 kafin lodi ko bayan an nuna kwafin tidan, kuma waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, ya san wanne aka rubuta. L/C kuma alƙawarin banki ne cewa zai biya in an kawo takardu daidai da abin da aka gindaya. Ƙa'idarsa UCP 600 ce, ta fara aiki 1 ga Yuli 2007, kuma ginshiƙinta banki da takarda yake hulɗa, ba ruwansa da kayan. Banki na da kwanakin aiki biyar ya duba takardun, mai sayarwa kuma yana da kwana 21 daga ranar lodi ya gabatar da su in ba a rubuta wani wa'adi daban ba. Duk abin da ya saɓa tsakanin takarda da L/C sunansa discrepancy, wannan kalma ya riƙe ta da kyau. Atisayen da muke yi shi ne in ɗauki kwafin takardu in canza abu uku da gangan, nauyi, sunan tasha, ranar lodi, in ba shi ya nemo su.

Na huɗu lambobi, mutane suna raina wannan amma nan kuɗi ke zubewa. Mu da Turawa sifili uku-uku muke yanka lamba, dubu, miliyan, biliyan. Su huɗu-huɗu suke yankawa, suna da wan wato 10,000, da yi wato miliyan 100. Miliyan ɗaya a wajensu wan 100 ce, biliyan ɗaya yi 10. Don haka in maigidansa ya ce masa wan 15, kafin ƙwaƙwalwarsa ta juya ta zama 150,000 sai ka ji ya ce fifteen thousand. Ga kuma fifteen da fifty, thirteen da thirty, a waya ba a bambance su. Kullum kafin mu fara darasi minti biyar nake karanto masa lambobi yana rubutawa, sannan shi ya karanto min. Dokarmu ɗaya, duk lambar da aka faɗa a baki a sake rubuta ta a saƙo da alamar kuɗinta, dala ce ko yuwan. Haka kwanan wata, su shekara suke farawa da ita sai wata sai rana, Amurka wata ne farko, Ingila da mu rana ce farko, kaga 03/04 zai iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris. Ya rubuta sunan watan da haruffa kawai a huta.

Kalmomin tasha ba sa cin lokaci tunda kullum yana ganinsu. MOQ mafi ƙarancin adadin da masana'anta za ta yarda ta yi. FCL kwantena ta mutum ɗaya, LCL ta haɗaka da ake biya da CBM, wato awon girman kaya da cubic mita. ETD ranar tashin jirgi, ETA ranar da ake sa ran isowa, hasashe ne duka biyun, kar ya ba wa kwastoma su a matsayin alƙawari. Demurrage da detention ne ya kamata ku tsaya a kai kaɗan, na farko tara ce in kwantena ta wuce kwanakin kyauta tana cikin tasha, na biyu in an fita da ita ba a dawo da ita fanko a kan lokaci ba. Sai HS code, lambar da hukumar kwastam ta duniya da ke Brussels ta tsara wa kowane irin kaya. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne ko'ina, abin da ya biyo baya kowace ƙasa da nata, don haka in ya kwafo cikakkiyar lambar Caina ya tura wa mai saye ba lallai ta dace da ta can ba.

Sai da duk wannan ya zauna sannan muka shiga kalmomin tattalin arziki, kuma ko su ban yarda mu karanta su a iska ba, kowace sai mun ɗaure ta da farashin kayan da yake sayarwa. Tariff harajin shigo da kaya ne, guanshui, in ya tashi kayansa sun yi tsada a can ko da bai ƙara kwabo ba. Quota ƙayyade adadi ne. Dumping shi ne sayar da kaya a waje ƙasa da farashinsu na gida, shi ya sa wasu ƙasashe ke ɗora ƙarin haraji na anti-dumping. Trade surplus da deficit, wato rara da giɓi tsakanin abin da ƙasa ke fitarwa da wanda take shigowa da shi, ya riga ya san su da shuncha da nicha, a nan fassarar ta tafi daidai. Wadda ta fi shafarsa ita ce export tax rebate. Harajin VAT na yawancin kaya a Caina kashi 13 ne, in an fitar da kaya waje gwamnati na mayar da shi duka ko wani ɓangare gwargwadon lambar HS, shi ya sa masana'anta ke da farashi biyu, mai haraji da mara haraji, kuma dole ya iya bayyana wa baƙo wanne ya ba shi. Muna ɗaukar labari ɗaya na kasuwanci a mako, ya karanta na Sinanci da safe, na Turanci da yamma, ya ja layi a kalma biyar kacal. Tarihin shigar Caina ƙungiyar ciniki ta duniya WTO a Disamban 2001 ma da haka muka bi shi.

Na ƙarshe, ka zama kwastoma. Zauna a wani ɗaki ka riƙa turo masa saƙon murya kamar yadda 'yan kasuwarmu ke yi, da sauri, da taya farashi, ka ce kana son CIF amma a farashin FOB, ka ce za ka cika kuɗi in kaya sun iso Apapa, ka ce an riƙe kwantenarka wa zai biya tarar. Ka bar shi ya amsa shi kaɗai, daga baya ku saurari muryoyin tare kuna tsayarwa. Mu mun tsananta wannan ne makonni kaɗan kafin baje kolin Canton na watan Oktoba, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, yanzu a Pazhou da ke Gwanzu. Da na je rumfarsu na same shi tsaye da wani baƙo suna jayayya a kan inshora, ya juya bayan katalog ya ja layin nan tun daga masana'anta har shago, ya ciro jan biro da shuɗi daga aljihun riga yana nuna masa inda kowanne ya tsaya.