Yadda za ka fara aiki da iyalin 'yan ci-rani idan an kawo rahoto kan yaronsu

Kai ma'aikacin walwala ne, an ajiye maka fayil a tebur, wai makaranta ta ce yaro yana zuwa da yunwa ko an ga tabo a jikinsa, iyayen kuma baƙi ne a ƙasar ko 'yan wata ƙaramar ƙabila da kai ba ka jin yarensu. To kafin ka ɗauki jaka ka fita, fara neman tafinta tukuna. Kuma don Allah ba yaron gidan ba. Mutane suna yawan yin haka saboda yara sun fi saurin kama yaren gari, amma ka duba mana, ta yaya ɗan shekara tara zai fassara wa babarsa tambayar "mijinki yana dukanki?" Maƙwabci ma bai dace ba, don duk abin da aka faɗa a ɗakin kafin dare ya zaga unguwa. Nemi wanda aikinsa ke nan, ka tabbatar karin harshensu ɗaya don ana iya haɗa ƙasa a bambanta yare, in maganar ta shafi mace sosai a samo tafinta mace. Ka gaya masa tun a waje ya fassara komai yadda aka faɗa, babu taƙaitawa babu gyara zance. Idan uwa ta yi minti biyu tana bayani shi kuma ya ce maka "ta ce babu matsala", tsayar da shi a maimaita.

Da ka shiga, faɗi sunanka da aikinka da abin da ya kawo ka. Da yawansu daga inda suka fito duk mai katin gwamnati a wuya abin gudu ne, suna ganinka za su ɗauka shige da fice ne ko ɗan sanda, musamman in takardunsu ba su kammala ba. Gaya musu gaskiya wa zai karanta abin da kake rubutawa, kar ka ce "sirri ne tsakaninmu" alhali ka san doka za ta iya sa ka miƙa. Ka riƙa kallon iyayen in kana magana, ba tafinta ba.

Yanzu wurin da aikin yake da wuya, wato raba talauci da sakaci. Mutum shida a ɗaki ɗaya, katifa a ƙasa, firij babu komai, wannan duk bai nuna uwa ba ta kula da ɗanta ba, wataƙila uban ba shi da izinin aiki ne kawai. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan renon yara a wajen gidansu sun ce talauci shi kaɗai ba dalili ba ne na raba yaro da iyayensa, alama ce ta cewa iyalin na buƙatar tallafi. Haka tabo. Jarirai da yawa 'yan asalin Afirka da Asiya ana haifarsu da wani shuɗi-shuɗin tabo a ƙugu ko mazaunai, kamar kwanciyar jini, wanda bai sani ba sai ya rantse duka ne, alhali ba ya ciwo kuma yawanci yana bajewa da girma. Likita ne zai tantance, kai dai rubuta abin da idonka ya gani, girmansa da inda yake.

Amma fa kar tsoron a ce maka mai wariya ya rufe maka ido, ni a ganina wannan ya fi haɗari. Victoria Climbié yarinya ce 'yar Kodebuwa da gwaggon babanta ta kai Landan tana cewa 'yarta ce, har da sunan ƙarya, ta rasu a Fabrairun 2000 tana shekara 8 da raunuka 128 a jikinta, bayan ma'aikatan walwala da asibiti da 'yan sanda duk sun san da ita. Rahoton binciken mutuwarta da Lord Laming ya fitar a 2003 ya nuna yadda aka ɗauki ƙamewar da take yi a gaban matar a matsayin tarbiyyar gida, ya kuma ba da shawarar a riƙa kawo tafinta ga yaron da Turanci ba shi ne harshensa na farko ba. Saboda haka ka gana da yaron shi kaɗai, da yarensa, ka zauna daidai tsayinsa, ka yi tambaya a buɗe irin "ba ni labarin jiya da dare", ba wadda za ta sa masa amsa a baki ba. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ma ya ba shi 'yancin a saurare shi. Kuma in babban da ke tare da shi ya ce kawunsa ne ko gwaggonsa, bincika, in iyayen sun ɓace a hanya ƙungiyar Red Cross tana da sashen neman dangi.

In ta kama dole a ɗauke yaro, fara duba dangi masu amana, kar a raba shi da 'yan'uwansa, sannan sashe na 20 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ya ce a kula da addininsa da yarensa da asalinsa wajen zaɓar inda za a kai shi, har kafala ta shari'ar Musulunci ya ambata. Tsirarun ƙabilu ba banza suke ɗari-ɗari da mu ba, a Ostireliya sai da gwamnati ta nemi gafara a 2008 kan 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da aka ƙwace, Amurka kuma ta yi doka a 1978 don taka wa irin wannan birki. Yaro ƙarami in ya daɗe inda ba a yarensa zai iya mantawa, ranar ziyara uwa ta zo su kasa hira.

Kafin ka tashi, sa tafinta ya karanta musu abin da ka rubuta su gyara in akwai kuskure, duba yadda ake rubuta sunan yaron a takardunsu don harafi ɗaya yana iya buɗe masa fayil biyu, ka bar musu lambar ofis da ranar da za ka dawo a rubuce da yarensu, ka kuma gaya musu inda za su samu lauya in suna so.