Kurakuran da iyaye ke maimaitawa wajen sa ƙananan yara makaranta

Duk shekara idan dogon hutu ya zo ƙarewa, wayata ba ta hutawa. Dangi da maƙwabta sun san a firamare nake koyarwa, kowa sai ya kira: "Malama, wace makaranta za mu sa yaron nan?" Da yawansu kuma sun riga sun yanke hukunci, albarka kawai suke so in sa musu. Bayan shekara biyu ko uku sai su dawo da irin ƙorafin da na ji a bakin na gabansu. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya tambaye ni in tura masa.

Abin da ya fi ruɗar iyaye shi ne Turancin baki. Ka je duba makaranta, mai makarantar ta kira wata 'yar firit mai shekara huɗu, ta tsaya ƙiƙam hannu a baya, ta zubo jihohi 36 da manyan biranensu cikin Turanci babu gargada. Nan take uba ya zaro kuɗin fom. Wannan hadda ce, kuma yaranmu gwanayen hadda ne tun fil azal, amma ba ta nuna yaro ya iya karatu ba. Na sha karɓar yara a aji huɗu masu gaisuwa da Turanci tiryan-tiryan, amma ka ba su jimlar da ba su taɓa gani ba, sai su zuba wa hoton shafin ido suna canka.

Ni ga yadda nake gwada makaranta. Nakan tafi da ɗan littafin labari a jaka, in ce a kai ni aji uku, in zaɓi yaro da kaina daga kujerun baya, ba wanda malama ta nuna mini ba. In buɗe tsakiyar littafin in ce ya karanta layi uku, sannan ya gaya mini da Hausa me aka ce. Idan yara biyu a jere suka iya, makarantar tana aiki ko da fentin bangonta ya koɗe. Idan mai makaranta ta hana ni shiga aji, na samu amsata.

Makarantar da ke cin tarar yaro don ya yi Hausa kuwa, ban ma tsayawa jin kuɗinta. A 1977 manufar ilimi ta Najeriya ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. Kafin nan ma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci na shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Ba gaba nake da Turanci ba, da shi za su rubuta jarrabawa. Amma rubutun Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa, yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu ya gane sirrin haɗa baƙi da wasali, wannan sanin kuma da shi zai shiga kowane harshe.

Yanzu ga wanda ke tafasa mini zuciya: tsallake aji. Wannan ya ci mu a gidanmu, kuma har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi. Babbar 'yata tana aji huɗu makarantarsu ta aiko cewa yarinya tana da ƙwaƙwalwa, ɓata lokaci ne ta yi aji biyar da shida, a bari ta zauna jarrabawar shiga ƙaramar sakandare. Kakarta ta ji labari, kafin la'asar dangi kaf sun sani. Na ɗan yi gardama, Hajiya ta ce, "Ke da kike malama ke ce za ki danne 'yarki? Allah ya ba ta, ki ce a'a?" Maigida ya ce a bi maganar Hajiya. Yarinya ta ci jarrabawa, ta shiga sakandare da shekara tara.

Zangon farko lafiya lau, hadda ta ɗauke ta. Daga shekara ta biyu lissafi ya tsaya cak. Doguwar rabawa, lissafin ɓangare, kashi cikin ɗari, duk a aji biyar da shida ake dasa su a maimaita har su zauna, ita kuwa ta tsallake su, malamin sakandare kuma ba zai koma baya don mutum ɗaya ba. Yarinyar da ke rigan kowa sa takalmi ta koma ciwon ciki duk safiyar Litinin. Na taɓa buɗe littafin lissafinta na ga shafi guda ta goge shi har takardar ta huje. 'Yan ajinta sun girme ta da shekara biyu zuwa uku, hirarsu daban, ita tana son wasan 'yar carafke suna yi mata dariya. Muka zuba kuɗin lesin ba adadi, a ƙarshe dole aka maimaita mata aji. Shekarar da aka ce za a ci riba ta tafi, ta kuma tafi da ƙarfin zuciyar yarinya, wanda ya fi komai wuyar dawowa.

Ku tambayi kanku mana, wa ke cin ribar tsallaken nan? Makarantar da ke da sashen sakandare ta riƙe ɗalibi kafin ya kai aji shida iyaye su fara leƙen wani wuri, ta kuma samu abin talla. Iyaye su samu abin faɗa a gidan biki. Yaro shi ke biya. Kuma ku yi lissafi: ya shiga firamare da shekara biyar, ya fita daga aji huɗu da tara, shekara shida na sakandare ya gama da 15. Hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, kuwa 16 ta ɗora a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, in ba 'yan ƙalilan da aka tantance na musamman ba. A 2024 ma ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, 18 ya so a mayar da shi kafin a janye. To gudun me ake yi? Ku tura yaro da gudu ya je ya zauna a gida yana jiran shekaru su cika? Ƙa'idata a ƙannen babbar 'yata ba ta canza ba: shekara shida a shiga aji ɗaya, a kuma gama aji shida. Wanda karatun ajinsu ya yi masa sauƙi, in ƙara masa littattafan labari a gida.

Na gaba da shi wajen ɓarna shi ne cika wa yaro yini. A tashe shi da asuba, boko daga bakwai da rabi zuwa biyu, lesin zuwa huɗu, Islamiyya zuwa shida, hadda tsakanin magariba da isha'i, sannan a zaro aikin gida shafi huɗu. Uban da ya tsara wannan jadawali shi kansa ba zai iya mako guda a kai ba. Gobe yaro ya yi gyangyaɗi a aji a ce malalaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 da aƙalla awa uku na motsa jiki a rana, 'yan firamare kuma likitocin barci sun ce awa 9 zuwa 12. Iyaye kan kafa mini hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, amma malaman allo da suka yaye mahaddata ba iyaka ba su taɓa hana almajirai hutun Alhamis da Juma'a ba. A gidana Islamiyya ba ta taɓuwa, lesin na soke. Aikin gida kuma idan ya wuce rabin awa ga ɗan aji ɗaya ko biyu, nakan rufe littafin in rubuta wa malamarsu cewa ni na tsayar da shi. Wasu abokan aikina ba sa jin daɗin wannan, na sani.

Sai tambayar nan ta ranar karɓar sakamako: "Na nawa ka zo?" Haba iyaye! Yaro bai ajiye jaka ba an tare shi da ita, in ya ce na goma sha biyu a ce ɗan wane na ɗaya yake zuwa, shi kai biyu gare shi? A aji mutum ɗaya ne zai zo na ɗaya, kuma ni da nake ciki ina gaya muku, akwai makarantun kuɗi da ake ƙara maki don kada uba ya yi fushi ya cire ɗansa. Katin sakamako yana iya yin ƙarya. Littafin aikin aji da wuya ya yi. Ku buɗe shi ku ga ko akwai jan biro, ko an gyara kuskure, ko rubutun wannan zango ya fi na wancan.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ku zaɓi makarantar da sai an cusa yara goma a A-daidaita-sahu an ratsa gari da su, ta kusa mai dama-dama ta fi. Ku leƙa banɗaki da wurin ruwan sha kafin ofishin shugaba. Ku tambayi ko malamai suna da takardar shaidar koyarwa ta NCE da rajistar hukumar malamai ta TRCN, ku kuma tambayi shekara nawa malamar aji ɗaya ta yi a wurin, domin inda malamai ke gudu duk zango albashi ne ba ya fita. Ku sa a rubuta muku kuɗin shekara gaba ɗaya, da littattafai da yunifom da kayan wasanni da bikin yaye 'yan nazare, wanda har yau ban gane amfaninsa ba. Makarantar da kuɗinta zai sa a riƙa koro yaro gida duk zango ba taku ba ce, kuma kada a raina ta gwamnati ba a leƙa ba, dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta sa shekara tara na farkon karatu kyauta ne, akwai kuma masu hedimasta tsayayye. Canza makaranta duk shekara don maƙwabciya ta canza, a daina.

Kafin kuma a kira yaro daƙiƙi, a kai shi asibiti a duba masa ido da kunne. Na taɓa samun yaro a ajina da ya sha bulala a gida kan rashin kwafar aiki, ashe rubutun allo ne ba ya gani daga inda yake zaune. Na dawo da shi kujerar gaba, na aika wa babansa takarda a yi masa tabarau.