Modem ɗinka bai mutu ba, kwamfutar ce ba ta gane shi ba

Kusan kullum sai wani ya shigo mini shago nan Sakkwato da laftof a hammata wai modem ya lalace, balle lokacin rajistar 'yan jami'ar Danfodiyo. Abin da ke ƙona mini rai wallahi, wasu sai sun yi fomatin sun rasa fayilolinsu kaf sannan su zo, alhali abin lafiyarsa ƙalau.

Gaggawa ce ta fi cin mutane. Irin su Huawei E303 ko ZTE MF190 in ka soka su, kamar faifan CD suke fara fitowa a This PC, kuma direban, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane modem ɗin, yana cikin faifan nan, to mutum sai ya ga shiru ba abin da ya buɗe ya zare ya sake sokawa ya zare. Haba malam! Buɗe faifan da kanka, danna AutoRun ko Setup ta dama, zaɓi Run as administrator, ka ba shi minti biyu. Masu Linux kuwa manhajar usb_modeswitch ke juya musu shi daga faifai zuwa modem.

Sai masu sauke direba barkatai a intanet har su kwaso bairos. Kafin ka sauke komai shiga Device Manager, nemi mai alamar ɗorawa, ka bi Properties, Details, Hardware Ids. In ka ga VID_12D1 na Huawei ne, 19D2 na ZTE, 1199 na Sierra Wireless. Lambar nan da ta PID da ke gefenta za ka bincika, ba sunan kamfanin layin da aka buga a jikin modem ba, su ba su suka ƙera shi ba. In ka ga Code 28 a Properties, yana nufin direba ne kawai babu. Manhajar tsohon modem ma ka cire ta ka yi ristat, tana rigima da sabuwar.

Kuma don Allah a duba ramin USB, ƙurar hunturunmu ba wasa ba ce, na sha kakkaɓe rami da busasshen buroshi abu ya tashi nan take.

Wanda ya sa katin modem na ciki a tsohuwar laftof ta ThinkPad ya ga lambar kuskure 1802 tun wajen kunnawa, kar ya wahalar da kansa, BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, ita ce ta ƙi katin, ba direban da zai gyara wannan, sai dai ya nemo katin da aka yi wa samfurin laftof ɗinsa.