Yadda Ake Gyara Kundin Tsohon Sojan Amurka Don a Amince da Raunin da Ya Samu a Fagen Daga

A tsarin sojan Amurka, lambar Purple Heart ta bambanta da sauran lambobin yabo, domin ba sai kwamanda ya ga dama ya ba da shawara ake bayar da ita ba. Haƙƙi ce ta duk sojan da abokan gaba suka jikkata ko suka kashe, muddin sharuɗɗanta sun cika. Asalinta na komawa ga 1782, lokacin da George Washington ya ƙirƙiro wata alamar girmamawa ga sojojinsa, aka kuma farfaɗo da ita da wannan suna a 1932. Sai dai sojoji da yawa sun bar aiki da tabo a jikinsu alhali takardar sallamarsu, wadda ake kira DD 214, ba ta ambaci raunin ba, ko don an yi musu magani cikin gaggawa ba a rubuta ba, ko don takardun sun salwanta. Lamarin ya shafi wasu Hausawa ma, domin masu katin zama na dindindin suna shiga sojan Amurka, kuma Hausa na cikin harsunan da shirin MAVNI na ɗaukar baƙi masu wata ƙwarewa aikin soja, wanda aka soma a 2008, ya nemi masu jin su.

Gyaran yana da amfani da ya wuce girmamawa. Wanda aka tabbatar masa da lambar yana samun fifiko a asibitocin ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, yana samun ƙarin maki goma wajen neman aikin gwamnatin tarayya, kuma dokar 2017 ta ba wanda ya samu lambar daga 11 ga Satumba 2001 cikakken tallafin karatu komai gajartar aikinsa.

Kafin a cika kowane fom, ya kamata mai nema ya auna ƙorafinsa da abubuwa uku da ake dubawa: cewa raunin ya samo asali ne daga aikin abokan gaba, cewa ya kai matsayin da yake buƙatar kulawar likitan soja, da kuma cewa an shigar da wannan magani cikin kundin hukuma. Harbin bindiga, ɓarɓashin ƙarfen bam, nakiya, bam ɗin da aka dasa a gefen hanya, da haɗarin mota ko jirgi da wutar abokan gaba ta haddasa duk suna cikin abin da ake karɓa. Zafin rana, cuta, haɗarin da babu hannun abokan gaba a ciki, da ciwon damuwa da ke biyo bayan tashin hankalin yaƙi ba sa ciki, komai tsananinsu. Wannan na ƙarshe yana ɓata wa mutane da dama rai, amma ƙa'idar ke nan, kuma hanyar neman diyyarsa ta ma'aikatar VA ce. Raunin da wutar 'yan uwa sojoji ta jawo bisa kuskure ana tsakiyar artabu yana shiga ciki tun bayan dokar 1993. Girgizar ƙwaƙwalwa sakamakon fashewa kuwa an fayyace ƙa'idarta a 2011, inda ake duba ko sojan ya suma, ko kuma likita ya hana shi cikakken aiki fiye da sa'o'i 48 saboda alamomin da suka ƙi gushewa. Harin makamai masu linzami da Iran ta kai sansanin Al Asad a Iraƙi a watan Janairun 2020 ya nuna wahalar irin wannan rauni, domin an gano shi a jikin sojoji fiye da 100, amma wasunsu sai a ƙarshen 2021 aka amince musu da lambar.

Matakin farko shi ne mallakar kundin kansa. Ana neman kwafin cikakken kundin aiki da na lafiya daga cibiyar ajiyar bayanan ma'aikata ta ƙasa da ke St. Louis a jihar Missouri, ta hanyar fom SF 180 ko ta shafin intanet na hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa. A rubuta ƙarara cewa cikakken kundi ake so, domin in ba haka ba sau da yawa takardar sallama da 'yan takardu kaɗan ake turowa. Bayanan kwanciya asibiti ana ajiye su ne da sunan asibitin da shekarar, dabam da kundin sojan, saboda haka sai an ambaci sunan asibitin da lokacin kwanciya kafin a nemo su. Wanda sunansa ke da rubutu iri-iri, kamar Muhammad da Mohammed, ya dubi yadda aka rubuta shi a takardar shiga aiki ya yi amfani da wannan, ya kuma haɗa da lambarsa ta aiki.

Masu neman gyara wa iyaye ko kakanni suna cin karo da wata matsala ta daban. A ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a cibiyar St. Louis ta cinye kundaye tsakanin miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin ɗari na sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa farkon 1960, da wani kaso mai yawa na sojojin sama. Jin cewa kundi ya ƙone ba ya nufin magana ta ƙare. Rahotannin safiya da kowane rukuni ke cikawa kullum a wancan zamani sun tsira, kuma suna nuna ranar da aka kwashe soja zuwa asibiti. Akwai kuma taƙaitattun bayanan kwanciya asibiti na ofishin babban likitan soja na shekarun Yaƙin Duniya na Biyu da na Koriya, da jerin sunayen waɗanda aka jikkata, da rahotannin bayan artabu da ke ma'ajiyar College Park a jihar Maryland. Tsohon fayil ɗin neman diyya na VA ma yakan ƙunshi takardun lafiyar da aka tura can tun kafin gobarar. A gida kuwa a bincika akwatuna, domin wayar tangarahu da aka aika wa iyali, wasiƙar da sojan ya rubuto daga gadon asibiti, ko labarin jaridar garinsu na wancan lokaci sun fi duk wani bayani da za a rubuta yau nauyi.

Bayan takardu sai shaidu. Rundunar sojan ƙasa tana buƙatar bayanan mutum biyu da suka san abin da idonsu, ban da mai neman kansa. Bayani mai amfani shi ne wanda ya faɗi rana, wuri, rukuni, abin da ya fashe ko wanda ya yi harbi, inda raunin yake a jiki, wanda ya ɗaure shi, da inda shaidan yake tsaye lokacin da abin ya faru. A sa hannu a gaban jami'in tabbatar da rantsuwa, a kuma haɗa da abin da ke nuna cewa shaidan yana cikin rukunin a wannan rana. Wasiƙar yabo da ke cewa wane jarumi ne kuma ya cancanci lambar ba ta ƙara komai. Idan ƙaramin ma'aikacin jinya ne ya yi maganin a fagen daga, kamar yadda aka saba, to ana buƙatar likitan soja ya tabbatar a rubuce cewa raunin ya kai wanda da likita yana kusa shi zai duba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da hukuncin VA. Mutum zai kawo takardar da ke cewa ma'aikatar ta amince tabonsa na da alaƙa da aikin soja, har tana biyansa diyya a kai, ya ɗauka magana ta ƙare. VA ma'aikata ce dabam mai ma'auni dabam, kuma amincewarta cewa rauni ya faru a lokacin aiki ba ta tabbatar da cewa abokan gaba ne suka yi shi. A saka takardar a matsayin ƙarin hujja, musamman idan hoton asibiti ya nuna ƙarfe a cikin jiki, amma kada a gina ƙorafin a kanta ita kaɗai.

Da hujjoji sun haɗu, ba a fara da hukumar gyaran bayanan soja, domin takan mayar da ƙorafin wanda bai fara bin hanyar ofis ba. Sai a aika wa sashen lambobin yabo na rundunar da mutum ya yi wa aiki: na sojan ƙasa yana Fort Knox a Kentucky, na sojan ruwa yana Millington a Tennessee, na sojan kundumbala (Marines) yana Quantico a Virginia, na sojan sama kuma yana Randolph a Texas. Idan sun amince, za a fitar da umarnin bayar da lambar, a gyara takardar sallama. Idan sun ƙi, a adana wasiƙar ƙin da kyau, domin ita ce shaidar cewa an bi matakin farko, kuma a cikinta ne ake ganin abin da suka ce ya gaza.

Daga nan ne ake cika fom DD 149, wanda ke kai ƙorafi gaban hukumar gyaran bayanan soja a ƙarƙashin sashe na 1552 na kundi na 10 na dokokin Amurka. Kowace runduna da hukumarta, sojan ruwa da na kundumbala kuma hukuma ɗaya suke tarayya a kai. Kada a rikita shi da DD 293, wanda na sake duba nau'in sallama ne. Ba a biyan kuɗi. Idan sojan ya rasu ko ba ya iya tafiyar da al'amuransa, matarsa, magajinsa ko wakilinsa na shari'a na iya nema, tare da takardar shaidar mutuwa da ta dangantaka. Doka ta ba da shekara uku daga ranar da aka gano kuskuren, amma ta ba hukumar ikon ɗage wa'adin saboda adalci, don haka wanda ya makara ya bayyana dalilinsa a gurbin da aka tanada maimakon ya bar shi babu komai.

Mambobin hukumar manyan ma'aikata farar hula ne, kuma akasari a kan takarda suke yanke hukunci ba tare da ganin mai nema ba. Ba sa fita bincike. Suna farawa ne da ɗaukar cewa abin da ke cikin kundi daidai ne, kuma nauyin nuna akasin haka da hujja mafi rinjaye yana kan mai nema. Shi ya sa gurbin da ake rubuta gyaran da ake so ya fi kowane gurbi muhimmanci. Wanda ya rubuta kawai cewa a ba shi Purple Heart ya buɗe ƙofar amsa mai sauƙi, cewa kundinsa bai nuna an yi masa magani ba. Abin da ya dace shi ne a roƙi abu biyu a fili: a gyara kundin lafiya ya nuna cewa a rana kaza, a wuri kaza, an jikkata shi ta hanyar kaza kuma an yi masa magani, sannan bisa wannan gyara a ba shi lambar a shigar da ita takardar sallama.

Shari'ar Kenneth Haselwander ta nuna dalilin wannan. Yana kula da lafiyar karnukan soja a Biyetnam a 1969 sai rokar abokan gaba ta fashe kusa da makwancinsa ta jikkata shi. Ana cikin yi masa magani aka kira shi ya je ya duba karnukan da harin ya raunata, saboda haka ba a cika takardun asibiti ba. Bayan shekaru da dama ya kawo hotunansa ɗaure da bandeji, da wasiƙun abokan aikinsa, da rahotannin da suka tabbatar da harin, amma hukumar sojan ƙasa ta ƙi, tana cewa kundin lafiyarsa bai nuna magani ba. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta soke wannan hukunci, ta nuna cewa rashin rubutun shi ne ainihin kuskuren da aka zo a gyara, don haka ba zai zama hujjar ƙin gyarawa ba. Duk wanda matsalarsa ita ce giɓi a kundin lafiya yana da dalilin ambaton wannan shari'a a cikin bayaninsa.

Bayanin da ke rakiyar fom ɗin ya kasance gajere, a jere bisa lokaci, kowace magana tana nuni ga takardar da ke goyon bayanta da lambarta. A aika kwafi, a riƙe na asali. Idan akwai saɓani tsakanin takardu, misali shaida ya faɗi wata rana rahoton rukuni kuma ya faɗi wata, gara mai nema ya fito da shi da kansa ya bayyana dalili, domin hukumar za ta gani ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Kada a ƙara gishiri ko kaɗan, kasancewar fom ɗin yana ɗauke da gargaɗin hukuncin ƙarya, kuma dokar 2013 ta haramta da'awar wannan lamba don samun wata moriya. Hukumomin suna wallafa tsofaffin hukunce-hukuncensu a intanet bayan cire sunaye, kuma karanta kaɗan daga cikin waɗanda suka shafi Purple Heart yana nuna irin hujjar da ke gamsar da su. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion suna da jami'an da ke taimakawa kyauta, ofishin ɗan majalisar yankin mutum kuma yana iya bin sawun takarda idan ta maƙale, ko da yake ba shi da ikon sauya hukunci.

Sai kuma jira. Doka ta ce a kammala kashi 90 cikin ɗari na ƙorafe-ƙorafe cikin wata 10, sauran kuma cikin wata 18, amma a aikace akan wuce haka. A tsakani hukumar kan nemi shawarar wani ofishi, sau da yawa ofishin da ya ƙi tun farko, kuma dole ta aiko wa mai nema kwafin shawarar ya mayar da martani, yawanci cikin kwana 30. Wannan dama ce da bai kamata ta kuɓuce ba, don haka wanda ya sauya adireshi, musamman wanda ya koma Najeriya, Nijar ko Ghana da zama, ya sanar da hukumar nan take ya kuma ba da adireshin imel da yake dubawa.

Idan hukumar ta ƙi, ana iya neman ta sake dubawa da sabon DD 149, amma sai da sabuwar hujjar da ba ta gani ba a baya, kamar shaidan da aka samo daga baya ko shafin rahoton safiya da ya fito daga ma'ajiya. Bayan haka sai kotun tarayya, cikin shekara shida daga ranar hukuncin, kuma a wannan mataki ya fi kyau a nemi lauya. Kotun ba ta sake sauraron labarin daga tushe, abin da aka gabatar wa hukumar kawai take dubawa don ta ga ko hukuncin ya saɓa wa doka ko wa hujja, saboda haka duk takardar da mutum yake son alƙali ya gani dole ne ya riga ya saka ta a gaban hukumar.