Yadda Ake Gyara Wasan Sitiyari a Tsohuwar Land Cruiser

Duk wanda ya tuƙa tsohuwar Land Cruiser, musamman ƙirar 80 da Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997, ko tsohuwar Hilux da ta sha gargadar hanyar burji, ya san lokacin da sitiyari ke fara wasa: direba ya juya shi dama da hagu, amma tayoyi ba su amsa ba sai bayan ɗan lokaci, kuma a kan kwalta motar ta riƙa lilo kamar ba ta san inda ta dosa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a garzaya a ɗaure sukurun da ke saman akwatin sitiyari, wanda ake matse haƙoran cikin akwatin da shi, alhali wannan sukurun shi ya kamata ya zama na ƙarshe da hannu zai taɓa.

Da farko a auna wasan. A tsayar da motar a wuri mai shimfiɗa, tayoyin gaba suna kallon gaba sak, a kunna inji idan sitiyarin na fawa ne, sannan a juya shi a hankali da yatsu har zuwa inda taya ta fara motsi. A auna tazarar a bakin da'irar sitiyarin. Iyakar da Toyota ta ƙayyade wa irin waɗannan motoci tana tsakanin milimita 30 da 40, gwargwadon ƙirar, kuma abin da ya wuce haka yana buƙatar bincike.

Binciken aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna a kujerar direba yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan ba tare da tsayawa ba, ɗayan kuma ya kwanta a ƙarƙashin motar da tocila, tayoyi suna ƙasa domin nauyin motar ne ke tona asirin abin da ya ci. A bi motsin daga sama zuwa ƙasa: mahaɗin sandar da ta sauko daga sitiyari, akwatin kansa, hannun ƙarfen da ya fito daga gindinsa, sannan kawunan tayarod, wato sandar ƙarfen da ke kai motsin sitiyari zuwa tayoyi, ɗaya bayan ɗaya. A ɗora tafin hannu a kan kowane kai, domin sau da yawa ido ba ya ganin motsin amma hannu yana jin ɗan bugu, kuma kan da robarsa ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga, babu abin da ya rage masa sai canji. A nan ne ake samun matsalar a mafi yawan lokuta. Ina ba da shawarar a guji kawunan araha, domin wanda ya sayi rahusa a wannan wuri zai sake kwanciya a ƙarƙashin motar kafin damina ta zagayo.

Kada a bar wurin sai an duba kusoshin da suka riƙe akwatin a jikin shasi. Idan akwatin yana motsi tare da sitiyari, ko dai kusoshin sun kwance, ko shasin ya tsage a gefensu, kuma tsagewar tana buƙatar mai walda da ya san aikinsa.

Daga nan a ɗaga gaban motar da jak, a tokare ta da abin da ba zai goce ba, a kama taya ta sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi motsi, a sa direba ya taka birki a sake girgizawa: in motsin ya ɓace, boris ɗin taya ne ya saki, in kuwa yana nan, to boris ɗin da ƙafar ke juyawa a kansu ne suka ci. A ƙirar 80 a duba kuma robobin sandar da ke hana ƙafafun gaba zamewa gefe.

Sai idan duk waɗannan sun fito lafiya, kuma an ga sandar sitiyari tana juyawa ta shiga akwatin amma hannun ƙarfen da ke gindinsa bai motsa ba, sannan a koma ga sukurun. Tayoyi su kasance a miƙe, domin a tsakiya ne haƙoran ciki suka fi matsewa. A yi wa kan sukurun alama da fenti, a sassauta notin da ya kulle shi, a juya shi dama kashi ɗaya cikin takwas na zagaye kawai, a riƙe shi da sukundireba yayin ɗaure notin. A juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a tabbatar bai ɗaure a tsakiya ba, sannan a fita gwaji a hankali. Idan bayan an sha kwana sitiyarin ya ƙi komowa tsakiya da kansa, an wuce gona da iri, sai a mayar da sukurun baya nan take, domin matsi yana cinye haƙoran akwatin. Akwatin da aka yi wa sukurunsa irin wannan ɗan juyi sau biyu ko uku bai daina wasa ba, buɗewa yake buƙata ko canji.

Duk lokacin da aka canza kan tayarod, a kai motar a daidaita tayoyin gaba, in ba haka ba gefensu zai cinye cikin ƙanƙanin lokaci.