Darasi na Tara: Kayan Ɗaki na Yara da Wurin Ajiye Kayan Wasa

Yawancinmu a Bauchi ba mu da ɗakin da aka ware wa yara. Yaro yana kwana a ɗakin mahaifiyarsa har a yaye shi, daga nan ya koma wajen kaka ko ɗakin yayyensa. Duk abin da aka saya dominsa a ɗakin manya zai zauna, ya ci wuri, kuma da kuɗin da aka matsa daga cefane aka saye shi. Ga shi kuma yaro yana girma, katako ba ya girma. Ɗan gadon da aka kawo ranar suna, kafin yaron ya cika shekara biyu ƙafarsa ta fara dukan ƙarshensa.

Don haka ku sayi kaya kaɗan, amma masu ƙarko, waɗanda babba zai more ya bar wa ƙane. Kafin ku biya kuɗi, ku tambayi kanku shekara nawa abin zai yi, wa zai gyara shi idan ya karye, kuma me zai zama idan yaro ya girme shi. Abin da ba shi da amsar tambaya ta uku, ku yi tunani sosai kafin ku ɗauka.

Katako

A nan ake cin riba, a nan kuma ake yin asara. Idan kun shiga wajen masu katako a kasuwar Muda Lawal za ku ga iri-iri. Maɗaci da iroko suna da nauyi da ƙarfi, gara ba ta cin su da sauƙi, shi ya sa suke da tsada. Farin katako mara nauyi yana da araha, amma ƙusa ba ta daɗewa a jikinsa, kuma ƙwaro yana son sa. Malaina tana tsakani. Idan kuɗi bai kai a yi komai da katako mai kyau ba, a yi ƙafafu da ƙashin kayan da shi, a rufe baya da gefe da filawud. Nauyi a kan ƙafafu yake sauka.

Akwai wani allo da ake kira MDF. Garin katako ne aka haɗa da gam aka danne, aka liƙa masa fuska mai sheƙi. Yawancin kayan da suke ɗaukar ido a shago da shi aka yi su. Matsalarsa ruwa. Da zarar ya jiƙe sai ya kumbura, ya fara marmashewa, kuma ba ya komawa yadda yake. To inda yara suke kuwa ba a rasa fitsarin kwance, da kunun da ya zube, da ruwan goge ɗaki. Haka nan idan aka kwance shi aka sake ɗaurawa, ramin sukurun ba ya ƙara riƙewa. Mai zaman gidan haya, wanda yau yana Yelwa baɗi yana Fadaman Mada, wannan allo ba nasa ba ne.

Ko katako mai kyau ne, idan ɗanye ne zai ba ku kunya. Kayan da aka yi da ɗanyen katako da damina sai su yi kyau har Oktoba. Hunturu na shigowa katakon ya bushe ya tsuke, mahaɗai su buɗe, kujera ta fara rawa, saman tebur ya tsage. Ɗanyen katako ya fi busasshe nauyi, kuma yana da sanyi idan an ɗora masa hannu. Ku duba ƙarƙashin kaya ma. Idan kun ga ƙananan huji da gari mai laushi yana zubowa, ƙwaro ya riga ya shiga ciki.

Ƙarfe ma zaɓi ne mai kyau, musamman ga gado. Gara ba ruwanta da shi, kuma kuɗin cizo ba ya samun maɓoya da yawa kamar a katako. Sai dai ku sa mai walda ya goge duk inda ya liƙa, kada ya bar tsini.

A rumfar kafinta

Ku karanta wannan hira da ƙarfi, mutum biyu-biyu.

Wata uwa ta je wajen wani dattijon kafinta. Bayan sun gaisa ta ce, "Baba, gado nake so a yi wa yarona. Shekararsa biyu, an yaye shi."

Ya ce, "To 'yata, ƙarami irin na jarirai, ko cikakke?"

Ta ce, "Cikakke, Baba, mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa uku. Amma a sa masa katanga a gefe don kada ya faɗo. A ɗaura ta da noti, ba da ƙusa ba, yadda zan cire ta idan ya girma, in mayar idan ƙanensa ya kai."

Ya ce, "Kin yi tunani. Da wane katako?"

Ta ce, "Ƙafafun da maɗaci busasshe. Ina so in ga katakon kafin a yanka. Kuma a ɗaga gadon yadda akwati zai shige ƙarƙashi."

Dattijon ya jawo wani katako, ya ƙwanƙwasa shi da bayan guduma, ya miƙa mata ta ɗaga ta ji nauyinsa. Ya ce, "Wannan tun bara yake nan. Zan sa miki sanduna huɗu na gidan sauro, a dunƙule kusurwoyin kada su fasa masa goshi."

Ku lura cewa ta faɗi abin da take so dalla-dalla, kuma ta nemi ganin katako. Kafinta na kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya. Ranar karɓar kaya, ku zauna a kai da nauyinku, ku jijjiga shi, ku bi gefuna da tafin hannu ko akwai kan ƙusa ko sartse. Kada a cika kuɗi sai an yi wannan.

Gado

Idan gadon jariri za a yi, mai sanduna a gefe, tazarar da ke tsakanin sanda da sanda kada ta wuce santimita 6. Idan ta wuce, jikin jariri zai iya zurarewa ta tsakani, kansa ya maƙale. Ga gwaji mai sauƙi: ku ɗauki gwangwanin lemo a tsaye, in ya wuce ta tsakanin sandunan, tazarar ta yi yawa. Katifa ta zama mai tauri, ta cika gadon, kada ratar da ke tsakaninta da katako ta shige yatsu biyu. A kwantar da jariri rigingine, ba filo, ba tarin zannuwa.

Gado mai hawa biyu yana rage cunkoso a ɗakin da yara suka yi yawa. Amma yaron da bai kai shekara 6 ba kada ya kwana a sama. Katangar sama ta ɗara katifa da aƙalla santimita 13, kuma ta kewaye gadon, har ta ɓangaren bango. Kafin a kai shi ɗaki ku ɗaga kai ku dubi fanka. Yaron da ya miƙe zaune a sama hannunsa ko kansa na iya kai mata.

A ɗakin da ba a yi wa siminti ba, ku ɗora ƙafafun gado a kan dutse ko bulo, kuma ku ɗan janye shi daga bango. Ta ƙasa da ta bango gara take hawa.

Tebur da kujera

Kujerar da ta yi wa yaro daidai ita ce wadda in ya zauna tafin ƙafarsa ya sauka ƙasa, tebur kuma ya zo masa daidai gwiwar hannu. Kujera 'yar tsuguno da muke da ita tun kaka da kakanni ta fi yawancin kujerun yara na shago amfani. Yaro ya zauna a kanta, ya taka ta ya wanke hannu, in ya girma ta koma madafa. Ƙananan kujerun roba na kasuwar Wunti suna da araha da sauƙin wanki, amma rana tana gasa su, sai wata rana ƙafa ta ɓalle da yaro a kai. Idan kun saya, a inuwa za su zauna. Tebur kuwa, a yi masa faffaɗan sama mai kyau, a ɗaura ƙafafun da noti. Bayan shekara uku ko huɗu ƙafafu kawai za a sake, saman yana nan.

Kabad da durowa

Wannan sashe ku riƙe shi da kyau, domin rai ne a ciki. Yaro in ya hango abu a sama, sai ya jawo durowa ɗaya bayan ɗaya ya taka kamar tsani. Nauyinsa ya rinjayi kabad ɗin ya kife a kansa. Wannan ba a ƙasarmu kaɗai yake faruwa ba. A shekarar 2016 kamfanin IKEA ya janye kabad masu durowa miliyan 29 daga kasuwa a Amurka, bayan irinsu sun faɗo sun kashe yara. Maganin kuwa ba shi da tsada. Ku sa kafinta ya ɗaure bayan kabad da bango da ɗan ƙarfe mai kusurwa guda biyu. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa. Kada a ɗora talabijin a kan abin da yake rawa, kuma kada a ɓoye alewa ko biskit a saman kabad a gaban idon yaro.

Fenti

Yaro mai fitar da haƙori yana gatsar bakin gado da hannun kujera. Wasu fentin mai, musamman ja da rawaya masu haske, akan samu dalma a cikinsu. Mun san abin da dalma take yi. A Zamfara a 2010 yara kusan 400 suka rasu, ko da yake can daga ƙurar duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gida ta fito. Ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta dakushe masa karatu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jiki da aka san ba ya cutarwa. Ku nemi fentin da aka rubuta a gwangwaninsa cewa babu dalma, ko a goge katakon ya yi santsi a bar shi haka. Tsohon gado na gwanjo mai ɓamɓarewar fenti kada a ba jariri. Sabon kaya kuma ya sha iska a waje har warin fenti ya fita.

Inda kayan wasa za su zauna

Kayan wasan yaranmu ba duka na saye ba ne. Akwai 'yar tsana, da ƙwallo, da motar kara, da gwangwanaye, da murafen kwalba, da duwatsun carafke. A wurin babba tarkace ne, a wurin yaro dukiya ce, kuma in ba a ba su wuri ba tsakar gida za su cika. Wurin da ya fi dacewa shi ne wanda yaro zai kai gare shi da kansa, ya ɗauka, ya mayar. Gajeriyar kanta mai hawa biyu ko uku, wadda ba ta wuce ƙirjinsa ba, ta wadatar. A jera mata kwanduna ko robobi marasa murfi, kowane da irin abin da ke cikinsa. Yau kayan wasa ne a kanta, gobe takalma da jakar makaranta, jibi littattafai. Adudu ma yana yi, domin murfinsa ba nauyi kuma iska tana shiga. Allo da littattafan Islamiyya a ba su hawan sama su kaɗai, kada a cakuɗa su da sauran kaya.

Babban akwati mai murfi mai nauyi, na katako ko na ƙarfe, bai dace ba. Murfin yana faɗo wa yaro a wuya ko a yatsu lokacin da ya leƙa ciki, kuma yara suna shiga ciki wajen wasan ɓuya. Idan shi kuke da shi, ku cire murfin, ko a cire makullin a huda masa ramukan shan iska. Tsohon firji da ya lalace ma haka, a cire ƙofarsa tun kafin a ajiye shi a tsakar gida.

Inda akwai yaro ƙasa da shekara 3, kayan yayyensa ƙanana su zauna a roba mai murfi can sama. Duk abin da zai shige cikin kwalin da ake naɗe takardar bayan gida a kai, zai iya maƙale masa a maƙogwaro. Fasasshen balan-balan da leda suna toshe numfashi. Ɗan batir mai kama da maɓalli, irin na agogo da motocin wasa, ya fi duka haɗari, domin in an haɗiye shi yana ƙona maƙoshi cikin 'yan awoyi. Idan hakan ta faru a wuce asibiti nan take, kada a jira a ga alama. Kwandon da ke ƙasa kuma a riƙa zazzage shi a waje duk mako, musamman da bazara da farkon damina lokacin da kunama take yawo.

Aikin aji

Ku yanki takarda, ku rubuta ƙwallo, mota, tsana, takalma, littafi, kowace kalma a takardarta da manyan baƙaƙe. Ku liƙa su a jikin kwanduna a gida. Duk yamma in za a kwashe kaya, ku karanta wa yaro, shi ma ya maimaita.

Ga lissafi. A ce kujerar roba naira 4,000 ce, tana yin shekara ɗaya ta karye. Ta katako naira 12,000 ce, tana yin shekara shida. Nawa za a kashe a kan ta roba cikin shekara shida? Nawa ne bambancin?

Kafin zama na gaba, ku ari tef a wajen tela ko kafinta. Ku auna tsawo da faɗin wurin da kuke so gado ko kanta ta zauna, sannan ku auna yaro daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa yana zaune. Ku rubuta lambobin uku a littafinku ku zo da su aji, za mu yi amfani da su mu rubuta takardar da za a kai wa kafinta.